Sharhi kan ma'aunin ƙwaƙwalwar kanel na cgroup a Linux

Duk wanda ya taɓa kula da sabar da mutane da yawa suke tarayya a kanta ya san ranar da na'ura take ƙamewa, a duba jerin shirye-shiryen da suke aiki a ga babu wanda ya ci ƙwaƙwalwa ta a zo a gani, amma ƙwaƙwalwar ta ƙare ƙaf. Sau da yawa ɓarnar tana cikin kanel ne, wato zuciyar tsarin, domin duk lokacin da shiri ya buɗe fayil, ko ya tayar da sabon zare (wani reshen aiki a cikin shirin), ko ya ƙulla soket (ƙofar sadarwa), kanel yana gutsuro wani abu daga ƙwaƙwalwarsa don ya riƙe bayanin abin. Muddin ba a rubuta wannan kashin da sunan wanda ya jawo shi ba, mai mugun nufi da ba shi da wani iko na musamman zai iya sa kanel ya yi ta kashewa a madadinsa har na'urar ta durƙushe. Wannan giɓin ne mai kula da ƙwaƙwalwa na cgroup, tsarin Linux da yake tara shirye-shirye rukuni-rukuni yana ƙayyade wa kowane rukuni abin da zai ci, ya zo toshewa.

Abin ya daɗe yana girma. Injiniyoyin Google ne suka fara aikin cgroup a 2006, ya shiga Linux 2.6.24 a farkon 2008, amma ƙididdigar abin da kanel kansa yake kashewa sai a sigar 3.8 ta iso, a 2013. Sigar da na gwada, kuma wadda nake ba da shawarar a yi amfani da ita, ita ce cgroup v2, wadda aka tabbatar a 4.5 a 2016. A tsohon tsari akwai iyaka daban ta ƙwaƙwalwar kanel, abin da ya rikita masu kula da saba har daga baya aka yi watsi da shi; a sabon kuwa, adadi guda da aka rubuta a fayil ɗin memory.max ya haɗe komai, na shiri da na kanel.

Na yi gwaji biyu a cikin rukunin da na ƙayyade wa megabait 256. A na farko na rubuta ɗan shirin da ba ya komai sai tayar da zaruruwa yana barin su suna barci. A na'urar x86-64 kowane zare yana cin kilobait 16 na kanel tun kafin ya yi wani aiki, wato zare dubu goma sun kusa megabait 160. Ina kallon layin kernel_stack a cikin memory.stat yana hauhawa, har rukunin ya kai bango, kanel ya kashe shirin, lambar oom_kill, mai ƙirga kisan da ƙarewar ƙwaƙwalwa ta jawo, a memory.events ta tashi daga sifili zuwa ɗaya. Sauran ayyukan da suke kan na'urar ko gezau ba su yi ba.

Gwaji na biyu ya fi burge ni. Na sa shiri ya yi ta tambayar sunayen fayilolin da babu su, kowane suna daban da na baya. Kanel yana ajiye ɗan rubutu cewa wannan suna babu shi, don kada ya sake wahalar nema, kuma waɗannan 'yan rubuce-rubucen, duk da ƙanƙantarsu, suna iya taruwa su kai miliyoyi. A nan ba a kashe kowa ba. Da rukunin ya matso iyakarsa sai kanel ya shiga share tsofaffin rubutun na wannan rukunin kaɗai, layin slab_reclaimable, mai nuna ajiyar da kanel zai iya karɓewa, ya yi ta hawa da sauka, aka bar maƙwabta da nasu. Bambancewa tsakanin abin da za a iya karɓewa da abin da sai an kashe mai shi, a ganina, shi ne babban ƙarfin wannan ma'auni.

Sai dai yana da rauni, kuma raunin yana cikin gininsa. Tun daga 4.5 kanel ba ya ƙirga duk abin da aka ware, sai wanda masu rubuta shi suka sa wa alamar __GFP_ACCOUNT ko SLAB_ACCOUNT. Ma'ana, duk wani lungu da aka manta ba a sa wa alama ba ƙofa ce a buɗe ga mahari, shi ya sa ake ta ƙara alamomi shekara bayan shekara. Ƙirgar ma ba kyauta ba ce: a zagayen 5.15, a 2021, an sa alama a kan makullan fayil da jerin da poll da select, hanyoyin da shiri yake jiran fayiloli da yawa a lokaci guda, suke amfani da su, aka janye nan take saboda sun rage saurin aiki. Kafin 5.9 kuma kowane rukuni yana da nasa shafukan slab, wato guntayen ƙwaƙwalwar da kanel yake jera ƙananan abubuwansa a ciki, galibi rabinsu fanko, sai da aikin Roman Gushchin, ɗaya daga masu rubuta kanel, ya sa rukunoni suka koma tarayya a shafi guda ana ƙirga abu ɗaya-ɗaya. Wanda yake kan kanel da ya girmi wannan siga, ya sani yana biyan farashin da aka riga aka sauke.

Abin da ya fi tuntuɓe da sabon shiga shi ne cewa ƙirga ba hani ba ce. A sabon rukuni memory.max yana ɗauke da kalmar max, wato babu iyaka, kuma wanda ya tayar da na'ura da cgroup.memory=nokmem ya kashe ƙididdigar kanel ɗungurungum. Ni dai yanzu nakan sa memory.high ƙasa kaɗan da memory.max, domin shiri mai haɗama ya fara jan ƙafa kafin a kai ga kisa, in ƙara pids.max don ya tare ambaliyar zaruruwa tun daga tushe, in kuma kunna memory.oom.group, mai sa a kashe rukunin gaba ɗaya, a inda kashe rabin aiki ya fi kashe shi duka muni. Ga sabar da take ɗauke da kwantenonin (keɓaɓɓun akwatunan gudanar da shiri) mutanen da ban sani ba, ba zan yarda in gudanar da ita ba tare da waɗannan huɗun ba, kuma ba a kan kanel da bai kai 5.9 ba.