Carbin Yatsa Mai Batir: Abin da Yake Yi wa Mai Zikiri da Ido a Buɗe

Carbin yatsa mai batir, wanda wasu ke kira kaunta, ya daɗe da barin shagunan birni ya shigo karkara, har ta kai yanzu da wuya mutum ya ci kasuwar Wudil ranar Juma'a ko ta Gujungu ranar Lahadi bai gan shi a gaban masu sayar da turare, asuwaki da huluna ba. Ɗan ƙaramin abu ne na roba da ake ɗaurawa a yatsa manuniya, yana da gilashi mai nuna lamba har gida biyar, wato zuwa 99999, da maɓalli babba da ake dannawa da babban yatsa domin ƙirga, da kuma ƙarami mai mayar da lissafi sifili. Akasarinsa daga ƙasar Sin ake kawo shi, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin talaka ba. Na yi amfani da shi a gida da gona, kuma ma'aunin da na ɗora shi a kai guda ɗaya ne: ko yana taimakon mutumin da ke ambaton Allah alhali idonsa na buɗe, ko kuwa raba masa hankali yake yi.

Na zaɓi wannan ma'auni ne domin mafi yawan zikirin mutumin ƙauye ba a ɗaki yake yin sa ba. A yankin Kura, Bunkure da Garun Malam, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga, idan shinkafa ta fara nuna sai manomi ko ɗansa ya wuni a bakin gona yana korar jan baki, domin garken waɗannan tsuntsaye kan sauka cikin ƙanƙanen lokaci ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Mai ban ruwa ma dole ya zuba wa fangali ido kada ya fashe, makiyayi kuma kada dabba ta faɗa gonar wani. Waɗannan mutane suna da dogon lokaci na shiru wanda ɗan birni ke nema da kuɗi bai samu ba, amma ba su da damar runtse ido ko na ɗan lokaci. Ba kuma naƙasu ba ne a gare su, domin Alƙur'ani da kansa ya haɗa kallo da tunani. A Suratul Gashiya an yi tambaya ko mutane ba sa duban raƙumi yadda aka halicce shi, da sama yadda aka ɗaukaka ta, da duwatsu da ƙasa. A ƙarshen Suratu Ali Imrana kuma, aya ta 190 da ta 191, an yabi masu ambaton Allah a tsaye da zaune da kishingiɗe, suna tafakkuri a kan halittar sammai da ƙasa. Wanda ke zaune gaban shinkafar da ta yi nauyi ta sunkuyar da kai yana da abin tafakkuri a gabansa, ido kuwa shi ne ƙofar.

A irin wannan zama carbin yatsa yana da amfani na gaske, kuma ya kamata a yaba masa. Ba ya cika hannu, saboda haka mutum na iya riƙe igiyar gwangwanayen korar tsuntsaye ko majajjawa da hannun da yake sanye da shi. Ba ya maƙalewa a kara, ba ya tsinkewa ƙwayoyinsa su watse cikin taɓo. Idan tsuntsaye suka taso aka miƙe aka yi kururuwa aka dawo, lissafin na nan inda aka bar shi, ko da gilashin ya ɗauke domin tattalin batir, kuma danna ɗaya ke farkar da shi. Ga mai salati ko istigfari marar iyaka, wanda burinsa kawai harshe ya ci gaba da motsi, wannan sauƙi ne babba. Mata masu surfe ko tsintar wake ma sun same shi da daɗi saboda wannan dalilin.

Aibinsa yana cikin gilashin nan, kuma a nan ne na fi son mai saye ya tsaya ya yi nazari. Carbin ƙwaya yana magana da yatsa ne: idan aka kai talatin da uku sai a ji ƙwayar da ke raba tsakani ta bambanta da sauran, idan aka zagayo kuma a ci karo da limamin carbi, duk ba tare da an kalli hannu ba. Ido ya kuɓuta, ya tsaya inda aka ajiye shi. Carbin batir kuwa, irin mai arha wanda ya fi yawa a kasuwanninmu, danna ta farko da ta ɗari duk ɗaya suke a wurin yatsa, saboda haka babu hanyar sanin inda aka kai sai an duba. Da zarar an duba sau ɗaya, zuciya ta koyi leƙe, sai mutum ya riƙa sunkuyar da kai bayan kowane ɗan lokaci yana tambayar saura nawa, har lamba ta zama abin da ake bi, ma'anar kalmomin kuma ta koma baya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Nana A'isha, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi salla da wani mayafi mai zane, da ya idar sai ya sa a mayar da shi a kawo masa marar zane, saboda zanen ya ɗauke masa hankali. Idan zanen tufa na iya yin haka, lambar da ke canzawa a kan yatsa ta fi cancanta a yi hattara da ita.

Wani zai ce maganin abin shi ne a rufe ido. Ga mai gadi wannan ba zaɓi ba ne, ga wanda ya wuni yana noma kuma hanya ce ta gyangyaɗi, musamman bayan sallar asuba ko tsakanin magariba da isha. Malamai da dama sun karhanta rufe ido a salla, Ibnul Ƙayyim kuma ya yi bayanin cewa buɗewa ta fi matuƙar ba ta hana khushu'i, sai idan akwai abin da ke shagaltarwa a gaba. Su ma mabiya tafarkin Zen a Japan, waɗanda addininsu daban ne da namu, sun gano wannan ɗabi'a ta jiki: a zamansu na natsuwa ba sa rufe ido gaba ɗaya, sukan bar shi rabi a buɗe, su sauke kallo ƙasa kaɗan a gabansu ba tare da ƙura wa komai ido ba, domin kada barci ko mafarkin ido biyu ya kwashe su. Abin da na gwada na ga yana aiki da wannan carbi shi ne a juya gilashin ya fuskanci cikin tafin hannu, a ajiye hannun a kan gwiwa, a bar kallo ya kwanta a kan gona ko a wurin sujada, kada a duba lamba sai an tashi. Juya shi ɗin yana da wata fa'ida kuma, domin dubban da mutum ya tara ba su bayyana ga na kusa da shi, wanda hakan ya fi kusa da tsira daga riya.

Ga wuridi mai ƙayyadajjen adadi kuwa ban ga ya dace ba. Lazimin 'yan Tijjaniyya istigfari ɗari ne, salati ɗari, hailala ɗari, safe da yamma, kuma mai yin sa da carbin batir dole ya riƙa duba gilashi yayin da ya kusa cika kowane ɗari. Tasbihin bayan salla ma, talatin da uku sau uku, gaɓoɓin yatsu sun ishe shi, kuma akwai hadisin Yusaira a Abu Dawud da Tirmizi da ke umartar a ƙirga da yatsu domin za a tambaye su kuma za su yi magana. Akwai samfurin da ke yin ƙara ko girgiza idan an cika ɗari, wanda ya rage wannan matsala ƙwarai, amma ya fi tsada, kuma ba kowane mai tire ke ɗauke da shi ba.

Ta fuskar ƙarko, a yi masa matsakaicin zato. Ba ya jure ruwa, saboda haka a cire shi kafin alwala da kafin shiga fangali. Ƙurar hunturu na shiga ƙarƙashin maɓalli har ya fara tsallake ƙirga ko ya ƙirga biyu a danna ɗaya. Maɗaurin robar ne ke fara mutuwa, yakan tsage daidai ramin da aka saba ɗaurawa, ko da yake zare ko siririyar fata na iya maye gurbinsa. Mai fitila a ciki yana da amfani da dare amma yana saurin cinye batir, batirin kuwa irin ƙaramin nan ne na agogo, wanda ake samu wurin masu gyaran agogo ranar kasuwa.

Wanda zai saya ya danna shi a gaban mai sayarwa sau ashirin yana ƙirgawa da baki, ya ga ko lambar ta yi daidai. Ya kuma duba maɓallin sifili: wanda ya nutse cikin jikin robar ya fi, domin wanda ya ɗago daidai da babban maɓalli yakan goge lissafin yini guda da kuskuren yatsa ko da gogar aljihu. Idan murfin batirin na da 'yar ƙusa mai juyawa, ya fi wanda aka manne, domin shi ne za a iya buɗewa a canza batir ba tare da an fasa robar ba.