Gargaɗi ga masu shirin sayen gida a Ingila: kada ku karɓi rahoton duba gini daga hannun mai sayarwa

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Birtaniya, da waɗanda ke nesa suna turo kuɗi a saya musu gida.

Akwai wata damfara da ta shigo cikinmu, kuma duk wanda ya san da ita ya yi shiru, haƙƙin wanda za a cuta gobe yana wuyansa. Masu yin ta ba sa gudu da kuɗin mutum. Gida za su ba ka da makullinsa, takardu na gaske, sunanka ma zai hau rajistar gwamnati. Sai dai kuɗin lafiyayyen gida za ka biya, a miƙa maka wanda ciwo ya riga ya cinye, kuma ranar da za ka gane, doka ta riga ta ce naka ne.

Ga yadda suke yi. Mutum zai je gwanjo ya sayi tsohon gida, irin na jere ɗin nan na jan bulo da suka cika unguwannin Birmingham da Manchester, waɗanda da yawansu sun haura shekara 100. Sau da yawa abin da ya kai gidan gwanjo shi ne wani aibi da ya sa banki ya ƙi ba da bashi a kansa. Ba zai gyara aibin ba, domin gyaran zai cinye ribar. Zai rufe shi ne. Bangon da ke jan danshi a manna masa allon filasta, tsagar bango a cike ta a shafe, katakon ƙasa da ya ruɓe a shimfiɗa masa sabon daɓe a kai, sannan a bi ko'ina da farin fenti, a sa sabon kicin mai sheƙi. Cikin 'yan makonni hotuna sun shiga zaurukanmu na WhatsApp, da rubutu mai daɗi: gida ne na ɗan uwa, an fi so namu ya samu, an rage kuɗi saboda zumunci, amma a hanzarta don akwai mai jira da tsabar kuɗi.

Idan ka ce kana so ka kawo mai duba gini, a nan wasan yake. Ba zai hana ka kai tsaye ba. Cewa zai yi, "Haba Alhaji, me zai sa ka ɓarnatar da kuɗi? Ai an riga an duba, ga rahoton." Sai ya turo maka takarda mai shafuka da yawa, da tambari, da hotuna, kusan kowane layi da alamar kore.

Wannan takarda ita ta ci wasu bayin Allah da na sani, miji da mata da yaransu ƙanana, waɗanda suka yi shekaru suna tara kuɗin kafin alƙalami. Da rani suka saya. Da sanyi ya shigo aka kulle tagogi aka kunna hita, sai baƙar fumfuna ta fito a bayan kabad ɗin ɗakin yara, fenti ya fara kumbura, ƙofar ɗakin sama ta daina rufuwa. Da suka kira ƙwararre daga baya, ya gano an rushe ginin bututun hayaƙi na ƙasa don falo ya yi faɗi, an bar na sama rataye babu ƙarfen da ke riƙe da shi. Ɗakin da aka yi a ƙarƙashin rufi, wanda aka lissafa musu a matsayin ɗakin kwana, ba shi da takardar amincewar hukumar gini. Sunan da ke kan rahoton da aka ba su babu shi a rajistar ƙwararru. Mai sayarwar kuwa da sunan kamfani ya sayar, kamfanin kuma ya rufe. Har yau suna cikin gidan suna biyan banki kowane wata, ɗakin yaran a kulle.

Abin da ya kamata kowa ya fahimta shi ne, a Ingila da Wales nauyin bincike a kan mai saye yake. Kafin a yi musayar takardun yarjejeniya tsakanin lauyoyi, kana da ikon fasawa ko neman ragi, babu abin da ya ɗaure ka. Daga ranar musayar kuwa ciniki ya faɗa. In ka janye, kafin alƙalaminka ya tafi, wanda yawanci kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin gidan. Shi ya sa duk gaggawar ɗan damfara a kan wannan rana take. Ba ya buƙatar ya yaudare ka har abada, ya kai ka ranar musaya kawai ya ishe shi. A gwanjo ma ya fi tsanani, don da guduma ta sauka an gama.

Rahoton duba gini kuma darajarsa tana ga wanda aka rubuta wa. Ƙwararren da ka ɗauka da kuɗinka, sunanka ne a kan rahotonsa, yana da inshorar aiki, in ya yi sakaci ya tsallake abin da ya kamata ya gani kana da hanyar bin haƙƙinka. Rahoton da aka rubuta wa mai sayarwa, ko da na gaskiya ne, yawanci a cikinsa an rubuta cewa wanda ya ba da aikin kaɗai zai dogara da shi. Balle wanda aka haɗa a kwamfuta cikin dare. A Scotland ne kawai tsarin ya bambanta: tun Disambar 2008 doka ta wajabta wa mai sayarwa ya tanadi rahoton gida, ƙwararre mai rajista ne ke yin sa, kuma mai saye yana iya dogara da shi. Ingila ta taɓa gwada ƙunshin takardun da mai sayarwa ke tanada, aka soke shi a 2010. Saboda haka duk wanda ya ce maka a Landan ko Leeds "ai doka ce mai gida ya kawo rahoto", ƙarya yake yi maka.

Sai kuma babban ruɗin da ya fi kama mutanenmu, wato cewa banki ya riga ya aiko an duba. Abin da banki ke yi, na riba ne ko na tsarin Musulunci, kimanta kuɗin gida ne don ya tabbatar in ka kasa biya zai iya sayarwa ya mayar da kuɗinsa. Don kansa yake yi, ko da kai ka biya. Wani lokaci mai kimantawar ba ya ma shiga gidan, daga waje zai kalla, ko daga ofis ya duba farashin maƙwabta a kwamfuta. Ba zai hau saman silin ba, ba zai auna danshi ɗaki bayan ɗaki ba. Haka ma takardar nan mai launuka daga A zuwa G, ita maganar cin wuta da ɗumi take yi, ba ruwanta da lafiyar bango.

Mai duba gini na gaskiya ba shi da wuyar ganewa. Babbar ƙungiyarsu ita ce RICS, wadda aka kafa tun 1868, kuma mambobinta suna sa AssocRICS ko MRICS ko FRICS a bayan sunansu. Akwai kuma RPSA ta masu duba gidajen zama. Kowa na iya buga haruffa a takarda, don haka ka shiga shafin ƙungiyar da kanka ka nemi sunan, ka ɗauki lambar waya daga can ka kira. Kada ka kira lambar da mai sayarwa ko dillali ya ba ka. Ni dai shawarata, ko dillalin kirki ne ya ce yana da wanda yake aiki da shi, ka nemi naka daban. Dillali sai an sayar yake samun la'adarsa.

Tun Maris 2021 RICS ta tsara aikin mataki uku. Na 1 dubawa ce ta sama-sama, ta dace da sabon gida. Na 2 shi ne na gida na yau da kullum da ba a taɓa gininsa ba. Na 3 shi ne cikakke, kuma irin gidajen da nake magana a kai, tsofaffi da aka yi wa kwaskwarima cikin gaggawa, kada ka yarda da ƙasa da shi. Kuɗinsa daga 'yan ɗaruruwan fam ne zuwa sama da dubu, gwargwadon girman gida da inda yake. Na san a lokacin kowane fam yana da wurin zuwa, ga lauya, ga haraji, ga kuɗin kwashe kaya. Amma gyaran tushen gini ko sabon rufi lissafin dubban fam ne, wani lokaci gomman dubbai.

In rahoton ya zo, a karanta shi duka. Kowane sashe na gida yana da lamba: 1 kore, babu gyara, 2 ruwan ɗorawa, akwai gyara amma ba na gaggawa ba, 3 ja, babbar matsala. Kowa ja yake nema, alhali inda ɗan damfara ke ɓuya shi ne wuraren da aka rubuta "ba a duba ba". Mai duba gini ba ya ɗaga kafet ɗin da aka manne, ba ya jan manyan kaya, ba ya fasa bango, ba ya ɓalle makulli. Mai sayarwa ya san haka sarai. Sai ka ga ƙofar hawa saman silin an buga mata ƙusa an shafe da fenti, ɗakin ƙasa wai makullinsa ya ɓace, katuwar kabad ta tsaya daidai bangon da ke kallon lambu a gidan da babu kowa a ciki. Duk inda aka ce ba a duba ba, ka nemi a buɗe, mai dubawa ya koma. Wanda ya ƙi buɗe ɗaki a gidan da yake so ka biya dubban ɗaruruwa, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Kai ma da idonka kana iya ganin wasu alamu tun ziyarar farko. Bango ɗaya ya sha sabon fenti sauran ba su sha ba. An buɗe duk tagogi cikin tsananin sanyi, ko turare ya cika gida. Tsaga a bangon waje da ke bin layin bulo kamar matakala, mai faɗi a sama, musamman kusa da taga ko kusa da babbar bishiya. A Landan da kudu maso gabas ƙasar yumɓu ce, tana tsukewa in an yi fari, gini ya nutse ta gefe ɗaya, kamar yadda aka gani da yawa bayan zafin 2018 da na 2022. Ka leƙa ƙarƙashin rufi ka ga ko an fesa kumfar nan ta riƙe ɗumi a jikin katako, domin tana ɓoye ruɓa kuma bankuna da yawa suna ƙin gidan da ke da ita. Gidan da aka gina kafin 2000 yana iya ƙunsar asbesto, wani kayan gini mai cutar da huhu, don sai 1999 aka haramta shi gaba ɗaya. Wuta da gas kuwa mai duba gini kallo kawai yake yi musu, gwajinsu sai mai aikin lantarki da injiniya mai rajistar Gas Safe, wato rajistar hukuma ta masu aikin gas. Kuma a guji kamfanonin da ke cewa za su duba danshi kyauta, maganin danshi suke sayarwa.

Wani zai ce ai akwai fom ɗin TA6, wanda mai sayarwa ke cikewa game da ambaliya, rigima da maƙwabta, gine-ginen da aka ƙara, da ciyawar nan ta Japan mai suna knotweed, mai saurin yaɗuwa da wuyar kashewa. Gaskiya ne, kuma wanda ya yi ƙarya a ciki ana iya kai shi kotu. A 2023 wata kotu a Landan ta umarci wani mai sayarwa da ya rubuta babu wannan ciyawa ya biya diyyar fam 32,000, ban da kuɗin lauyoyi da ya ninka haka. Amma a 2018 aka sayi gidan, wato kusan shekara biyar kafin a kai ga hukunci. Wa ke da wannan ƙarfin a cikinmu? Ga shi kuma ɗan damfara ya iya cike fom: tunda bai taɓa kwana a gidan ba, kusan kowace tambaya "ban sani ba" zai amsa. In ka ga fom cike da "ban sani ba", ka sani babu wanda ya ɗauki alhakin komai.

Akwai bincike guda uku da za ka yi daga wayarka kafin ka kashe ko sisi. Hukumar rajistar filaye ta HM Land Registry, da kuɗin da bai kai fam 10 ba, za ta nuna maka sunan mai gidan, kuma farashin da aka saya a baya kyauta ake ganinsa. In watanni kaɗan da suka wuce aka saya da araha yanzu kuma kuɗin ya yi tsalle, ka nemi rasit na aikin da aka yi, da takardun garanti, da takardar kammalawa ta hukumar gini. Bankuna da yawa ma ba sa ba da bashi a kan gidan da mai shi bai cika wata shida da saye ba. In kamfani ne ke sayarwa, shafin Companies House, hukumar rajistar kamfanoni, kyauta ne, zai nuna maka yaushe aka buɗe shi da kamfanoni nawa mai shi ya buɗe ya rufe. Shafin ƙaramar hukuma kuma zai nuna ko an nemi izinin ginin da aka ƙara.

'Yan uwa masu kula da zaurukanmu, don Allah ku daina barin tallar gida ta wuce ba tambaya. Ku da ke turo kuɗi daga nesa, kada ku wadatu da bidiyon da wakili ya ɗauka, ku sa a aiko muku da rahoton kai tsaye daga ofishin mai dubawa, da sunanku a kai, sannan ku kira shi ya yi muku bayani da bakinsa. Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya yi shiru ko ya yi saurin shafe wurin da fenti. Ya ɗauki hotuna, ya adana saƙonnin WhatsApp da tallar da rahoton bogin, ya sa ƙwararre ya rubuta abin da ya gani, ya kai wa lauyan da ba shi ya yi cinikin farko ba. In da dillali a ciki, doka ta wajabta masa zama a ƙarƙashin hukumar sauraron ƙorafi, irin su The Property Ombudsman, kuma ta hanyar Citizens Advice, ƙungiyar ba da shawara kyauta, ake kai ƙara ga jami'an Trading Standards masu kare haƙƙin masu saye. In an yi amfani da sunan RICS a takardar ƙarya, a aika musu da kwafinta.