Kafin ka zuba kuɗinka a tibin gem mai 120Hz

Wani ƙanina da ke Gwarinpa ya kira ni ranar Asabar da daddare yana ta ƙorafi, wai yaya ka ga tibin da na sayo sabo fil a leda, ga 120 nan ɓaro-ɓaro a jikin kwali amma PS5 ta ƙi ba ni 120Hz. Na ce turo min hoton kwalin. Yana turowa na ga abin da nake tsoro, kalmar Motion ce aka jingina da 120 ɗin, babu Hz a ko'ina. Wannan lambar talla ce, allon kansa 60Hz ne, tibin ne ke ƙirƙiro hotuna na ƙarya yana cusawa a tsakani don motsi ya yi santsi, kuma kana shiga yanayin gem galibi abin kashe kansa yake yi. Kowane kamfani da sunan da ya laƙaba wa dabarar. Mai shagon ma bai san bambancin ba, abin da ya gani a kwali ya karanto masa.

Hz ɗin nan ba wani abu ba ne illa sau nawa allo ke sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya. Mai 60 yana canja hoto sau 60, mai 120 sau 120, wato jiran da ke tsakanin hoto da hoto ya ragu da rabi. A Call of Duty ko Fortnite wallahi kana juya kyamara za ka ji bambancin a yatsanka tun kafin idonka ya gane.

Amma tsaya tukuna, wane gem kake bugawa? Don na san mutanenmu, yawancinmu ƙwallo ce kawai, a taru a falo a buga FC ana ta gardama har dare ya raba. To FC a kan PS5 hoto 60 take bayarwa, ko ka sayo tibin da ya fi kowanne tsada a Banex ba za ta wuce haka ba. Mai PS4 shi ma babu ruwansa da 120Hz. In kana cikin waɗannan ka nemi tibi mai 4K (wato hoto mai yawan ɗigo da ke fitowa tar) 60Hz da ke da Game Mode mai kyau, wanda kana danna maɓalli ɗan wasa zai motsa ba jinkiri, canjin ka ƙara a batirin inbata.

In kuma ka dage sai 120 ɗin, abu biyu ne sai sun haɗu: allo ya zama 120Hz na asali, sannan a bayan tibin akwai ramin HDMI 2.1, wato inda ake soka wayar da ke kawo hoto daga na'urar gem. Tsohon HDMI 2.0 ba ya iya ɗaukar 4K a 120Hz yadda ya kamata, iyakarsa 4K a 60, ko ka rage kyan hoton zuwa 1080p ko 1440p ka samu 120. Ka leƙa bayan tibin da tocilan wayarka, yawanci za ka ga an rubuta 4K@120Hz a gefen ramin da ke iyawa. Ka ƙirga su nawa ne. LG na jerin C, tun daga C1 na 2021 har C4 na 2024, ramuka huɗu ne duk 2.1, haka Samsung S90C. Amma Sony da yawancin Hisense da TCL biyu suke bayarwa, kuma a Sony ɗaya daga biyun shi ne na eARC inda ake jona sandar sifika, ka ga in kana da PS5 da kwamfuta da sifika sai ka riƙa cire wannan kana sa wancan kamar mai cajin waya a tasha.

Sai VRR, shi ne ke sa tibin ya bi sawun na'urar in hotuna suka ragu lokacin da faɗa ya kaure a gem, kada hoton ya riƙa yagewa gida biyu. Xbox Series X da shi ta fito, PS5 sai a 2022 aka ƙara mata. Kada ka sayi wanda babu shi.

Inda kuɗi ke magana shi ne OLED ko mini-LED. OLED babu fitila a bayan allonsa, kowane ɗigo shi ke kunna kansa ya kashe kansa, shi ya sa baƙinsa yake wuluk kuma abu mai gudu ba ya barin jela a bayansa. Ni a wajena babu abin da ya kamo shi a gem, musamman da daddare an kashe fitila. Matsalarsa tsada, sannan in abu ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya a allon, kamar tambarin tashar labarai ko akwatin maki na ƙwallo, a hankali yana iya barin tabo da ba ya fita. Sababbin sun rage wannan sosai, amma in tibin falo ne da yara ke kunna tasha ɗaya tun safe har magariba, ko kana da shagon gem da FC ke kunne yini guda, ni dai ba zan ba ka shawarar OLED ba, kuma na hannu ɗan Beljiyam sai ka sa hoton toka zalla ya cika allon ka duba kusurwa-kusurwa kafin ka biya. Mini-LED irin su Hisense U7 da U8 da wasu TCL na jerin C, masu ƙananan fitilu da yawa a bayan allo, sun fi araha, sun fi haske, falon da rana ke kwararowa ta taga sun fi dacewa da shi, ba sa tabo. Aibinsu in farin rubutu ya fito a kan baƙi za ka ga ɗan haske ya kewaye shi kamar hazo.

Dolby Vision, wani tsarin ƙawata haske da kalar hoto, kada ya ɗaga maka hankali in PS5 gare ka, ba ta amfani da shi a gem. Xbox ce ke amfani da shi, don haka mai ita ne zai lura cewa Samsung ba sa sa shi.

Masu kwamfuta ku ne 144Hz ke wa amfani, don PS5 da Xbox a 120 suka tsaya. C4 da S90C duk suna kai 144. Sai dai yawancin tibi ba su da DisplayPort, ramin da ake jona allon kwamfuta da shi, dole katin hoton kwamfutarka ya kasance da HDMI 2.1, wato RTX 30 zuwa sama ko RX 6000 zuwa sama. Mai GTX ko RTX 20 ya haƙura da 1440p. In a kan tebur za ka ajiye, inci 42 ya isa har ya yi yawa, 55 a gaban hancinka ciwon wuya ne kawai.

Waya ma tana ba mutane kunya, a sayi tibi na maƙudan kuɗi a jona shi da tsohuwar wayar dikoda. Wadda ta zo a kwalin PS5 ta isa, in za ka sayi wata ka nemi mai tambarin Ultra High Speed. Kuma a wasu tibin sai ka buɗe ramin da kanka a saiti, a Samsung sunansa Input Signal Plus, a LG Deep Colour. Wutarmu kuwa kun san halinta, kada ka jona shi a bango kai tsaye, sa masa sitabilaiza ko ka bi da shi ta inbata.

Da ƙanin nawa za mu koma canjo nasa sai na ce ya sako PS5 ɗin a jaka. Mai shagon ya ɗan ɓata rai amma ya bari muka jona, muka shiga Screen and Video a saitin PS5 muka buɗe bayanin hoton da ke fita. Tibin farko da mai shagon ya rantse mana a kai 60 ya nuna. Na biyu sai ga 120Hz da VRR sun fito a jere, ƙanina ya yi ciko muka ɗaure kwali a kujerar baya. Jiya na leƙa gidansa, FC na tarar suna bugawa.