Sati Shida da Akawalina Ya Yi a Hannun Mai Horo

Akawalina ba mugun doki ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. A wani Hawan Daushe, muna dab da Ƙofar Kudu, iska ta kwaso baƙar leda ta gifta gabansa, ya zabura, saura ƙiris ya take wani yaro. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, sai da na kai shi wurin wani dattijo mai horar da dawakai a bayan gari.

Bai ɗaura masa sirdi ba, bai sa linzami ba. Ragama kawai da igiya. Ya ce min, "Alhaji, dokin da bai natsu a ja ba, ba zai natsu a hau ba." Filin nasa ba wani abin kallo: tsofaffin tayoyi a jere, sanduna a kwance, tamfol a shimfiɗe, sai katako da aka gitta a kan rami kamar kwalbati.

Ranar tamfol ina wurin. Doki ya tirje, ya kafa kunnuwa, yana huci. Da ni ne da tuni bulala ta yi aiki. Baba mai horon ya tsaya daidai kafaɗarsa ta hagu, ya ɗan ja igiya, dokin na ɗaga ƙafa ɗaya ya sassauta masa. Haka suka yi ta yi har kusan La'asar. Can sai ya sunkuyar da kai ya shinshina tamfol ɗin, ya lashi baki, ya taka. Baba ya bayyana min cewa doki ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hancinsa, dole a bar shi ya sauke kai ya duba. Ni ma ya yi min faɗa kan naɗe igiya a hannu, wai haka ake rasa yatsu.

Inda ban ji daɗi ba, babu rumfa a turkensu, dawakai na shan rana, harawa da dusa kuma ni nake kaiwa. Sannan bai saba masa da ƙarar bindiga ba, ga shi hawa ba ya yiwuwa sai da 'yan bindiga. Wannan zan koma mu yi magana.

Amma jiya ƙaramin ɗana ne ya ja shi zuwa kilisa, suka tsallake kwatar ƙofar gida, igiya a sake.