Ajin yoga a wani gidan motsa jiki na Garwa, a Kamaru

Awa ɗaya ne da sassafe, kafin zafin Garwa ya taso: ɗumama jiki minti 10, miƙe gaɓoɓi minti 40, sauran a kwanta a daidaita numfashi. Mai ciwon baya zai ji daɗinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne farkon ajin. Ana haɗa tafin hannu a ƙirji, a rera "Om" sau 3, sannan a shiga jerin motsi 12 da masu yoga ke kira "gaisuwa ga rana". "Om" abu ne mai tsarki a addinin Hindu, shi ya sa wasu Musulmi da Kirista suke ɗari-ɗari, kafaɗa ta ƙage, numfashi ya rikice. Ba a tilasta wa kowa, amma ya kamata a faɗa tun wajen biyan kuɗi. Ku nemi a ƙirga muku numfashi maimakon rerawar: shaƙa 4, fitarwa 6.