Kason ƙasa ko kason sama: ina ya kamata a ware wa kanel na biyu wuri a RAM?

Malam Bishir, na ga tambayarka tun bayan la'asar. Ka ce sabar, wato babbar kwamfutar da kake kula da ita a shagonku na wajen Ƙofar Ƙaura tana sandarewa lokaci-lokaci, ka kunna kdump, tsarin Linux mai adana shaidar faɗuwar kwamfuta, don ka gano dalili, ka rubuta crashkernel=512M,high, sai ka tarar RAM ta ragu da MB 768 maimakon 512. Kana so ka san inda sauran 256 ɗin ya shiga, da kuma wanda ya fi tsakanin ajiyar ƙasa da ta sama.

Ba ɓata ya yi ba, kanel ne, wato zuciyar Linux mai sarrafa kwamfutar, ya ƙara shi da gangan.

Idan kanel na Linux ya faɗi, kdump yana tayar da ƙaramin kanel na biyu ta hanyar kexec, ba tare da kashe na'ura ba, domin ya kwashe abin da ke cikin RAM ya ajiye a faifai. Dole a ware masa wurinsa tun lokacin kunnawa, saboda sa'ad da na farko ya faɗi, katin sadarwa da na faifai ba su san an yi mutuwa ba, suna iya ci gaba da zuba bayanai inda aka ce su zuba. Wurin da aka killace shi ne ba su taɓa samun izinin shiga ba.

Kason ƙasa shi ne duk abin da bai kai GB 4 ba. Wannan iyaka daga kayan aikin ta fito. Na'urori irin su katin sadarwa da na faifai suna rubutu da karatu a RAM kai tsaye ba tare da bi ta furosesa ba, abin da ake kira DMA, kuma kowace na'ura da iyakar adireshin da take iya ambata. Mai bit 32 ba ta wuce GB 4. Tsofaffin katunan ISA masu bit 24 a MB 16 suke tsayawa, har yau kuwa Linux na riƙe musu da yankinsu. Ɗauke shi kamar kantar shago: yaro mai gajeren hannu kantar ƙasa kawai yake kaiwa. Idan kayan na sama, sai an sauko da su kan tebur tukuna. Teburin nan a Linux sunansa swiotlb, girmansa na asali MB 64, kuma tilas ya zauna a ƙasa, in ba haka ba ai bai yi amfani ba. Alfanun ajiye kanel na biyu a ƙasa ke nan: kusan kowace na'ura tana kaiwa gare shi. Illarsa kuwa wurin ya yi kaɗan kuma masu nema sun yi yawa. Wani ɓangare na adireshin ƙasa da GB 4 katunan PCI, wato katunan da ake sokawa a cikin kwamfuta, su ne suka riƙe, sannan kanel yana son fili ɗaya a haɗe, ba guntu-guntu ba. Ka nemi GB 1 ko 2 a nan, kana iya rasawa, kuma duk abin da ka ɗauka ka rage wa kanel na farko ne.

Kason sama fili ne fetal a na'ura mai RAM da yawa, ka ɗebi yadda kake so. Amma kanel ɗin da aka ajiye can shi kaɗai, ba shi da inda zai kafa teburinsa. Zai tashi, ya nemi magana da faifai ko USB mai bit 32, ya kasa, ya faɗi shi ma, kai kuma ka rasa shaidar da kake nema. Don haka ne idan ka rubuta high, wato ka nemi kason sama, kanel ke ƙara wani yanki a ƙasa da kansa: aƙalla MB 256 a x86_64 (furosesan Intel da AMD), MB 128 a arm64 (furosesan ARM). Naka ke nan, 512 da 256.

Kana iya canza shi da crashkernel=128M,low, ko ka sa 0 ka hana gaba ɗaya. Ni dai ban ba ka shawarar 0 ba. Akwai masu cewa IOMMU, wato VT-d na Intel ko AMD-Vi, ta raba gardama tunda tana fassara wa na'ura adireshi. Gaskiya ne idan a kunne take kuma ta yi aiki lafiya a kanel na biyu, amma ba zan jingina hujjata a kan wannan don ceton MB 256 ba. 

Da ni ne, a na'ura mai RAM GB 8 ko 16 zan rubuta crashkernel=256M ko 512M kawai, ba high ba low. Sababbin kanel suna fara dubawa ƙasa, in babu fili su hau sama da kansu. Idan RAM ta kai GB 64 ko fiye, ko kana buƙatar ajiya babba, bar high ɗinka yadda yake.

Ba a fafe gora ranar tafiya, ka gwada tun yanzu. Duba fayil ɗin /proc/iomem, za ka ga layin Crash kernel sau biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Tabbatar /sys/kernel/kexec_crash_loaded yana nuna 1. Da dare bayan an tashi aiki, rubuta echo c > /proc/sysrq-trigger, wanda zai kayar da kanel da gangan, sannan ka leƙa /var/crash bayan ta dawo. Idan kuma sandarewar tana zuwa ne daidai lokacin da ake sauyawa daga wuta zuwa janareta, kdump ba zai kama komai ba, RAM tana gogewa da ɗaukewar wuta. Fara duba batirin UPS ɗinku.