M416 ko M1101: wacce tirelar soja ce ta fi dacewa da kwana a daji?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce tsakanin tirelolin sojan Amurka guda biyu da ka samu, tsohuwar M416 da M1101, wacce za ka saya ka ɗora mata tanti, ruwa da kayan girki, alhali motarka Jeep Wrangler ce mai ƙofa huɗu wadda kamfani ya yarje mata jan kilo 1,590. Ni dai M416 zan ce maka, muddin shasinta bai ruɓe ba. Amma kada ka ɗauki maganata haka kawai, ga yadda na auna su.

Kowacce daga cikinsu don wata mota aka ƙera ta, kuma wannan shi ne asalin duk bambancin. M416 ta fito ne a shekarun 1960 don ta bi bayan ƙaramar jif ɗin soja M151. Nauyin tirelar babu kaya kusan kilo 260, faɗinta kamar mita ɗaya da rabi. M1101 kuwa Humvee, faffaɗar motar nan ta sojan Amurka, aka yi wa ita, shi ya sa tazarar tayoyinta ta zo daidai da ta Humvee, faɗinta ya kai wajen mita 2.2, nauyinta ba kaya kusan kilo 660. Wato ta fi motarka faɗi. A kan kwalta wannan ba wani abu ba ne, sai dai ka riƙa duba madubi. A daji ne abin ke fitowa fili. Hanyar da ka kutsa tsakanin bishiya biyu, ko ka lallaɓa ta gefen dutse, M416 za ta bi ka ba tare da ka waiwaya ba, domin duk inda motar ta wuce ita ma ta wuce. M1101 ba ta taka sawun da motar ta taka, tana faɗawa ramin da ka kauce wa, tana goga kututturen da ka tsallake. Ga kuma yashi da taɓo, inda tayar da ke sare sabuwar hanya ta fi wadda ke bin sawu wahalar ja nesa ba kusa ba.

A wajen ɗaukar kaya, M1101 ce gaba. An yarje mata kilo 1,540 har da nauyin kanta, ka ga tana ɗaukar kusan kilo 880. 'Yar'uwarta M1102, mai irin jikinta sak, har kilo 1,900 aka ba ta. M416 kuwa abin da soja suka rubuta mata a hanyar daji kilo 227 ne, a kwalta kilo 340. Zauna da biro ka lissafa. Tantin saman tirela kamar kilo 60, ruwa lita 40 kilo 40, jarkar mai biyu wani 40 ɗin, batir da ƙaramin firji su ci 50, ga murfin ƙarfen da za ka yi wa bodin. Kafin ka sa tukunya da bargo ka iso iyaka. Wannan matsi ne, ban ɓoye maka ba, kuma shi ya sa masu gyara ta da yawa ke sauya mata aksil na zamani mai ɗaukar kilo 1,590. Sai dai ka dubi ɗaya gefen: M1101 a cike ta cinye kusan duk abin da aka yarje wa motarka, kuma wancan adadin na jan kaya a hanya mai kyau ne, ba a hawan dutse ba. Sararin kayan da za ka saya kenan ba ka da halin cika shi.

Birki shi ne inda nake so ka daɗe kana tunani. M416 ta asali birkin hannu kaɗai gare ta, na ajiyewa, sai samfurin M416A1 ne aka sa wa birkin tafiya. Da nauyinta na asali motarka za ta iya tsayar da ita. Da zarar ka ƙara mata kaya, ka nemi aksil mai birkin lantarki, wanda za ka iya matsawa daga inda kake zaune idan tirela ta fara turo ka a gangare. M1101 tana da birkin mai a hancinta: idan mota ta rage gudu, tirela ta matso ta danne fistin, sai birki ya kama da kansa. A titi yana aiki lafiya lau. A daji yana da hali biyu marasa daɗi. Idan ka tsaya a tsakiyar hawa tirela na jan ka baya, ba abin da ke danne fistin, don haka birkin ba zai kama ba. Idan kuma kana ribas kana tura ta sama, yana iya ɗaukar turin a matsayin umarnin tsayawa. Sannan ka kula da man da ke ciki. Sojan Amurka da man birki na silikon suke aiki, DOT 5, kuma ba a gauraya shi da DOT 3 ko DOT 4. Wanda ya tsiyaya masa na shago kai tsaye ya jawo wa kansa wanke layin gaba ɗaya.

Tayoyin M1101 inci 37 ne a kan rim mai inci 16.5, girman da ba kowane mai taya ke ajiyewa ba, kuma ɗaya da daskararriyar robar cikinta, wadda ke riƙe ta in ta yi faci, ta haura kilo 60. Tsayinsu ne ke ɗaga hancin tirelar sama da bayan mota irin taka, sai ka ga ta tafi a sunkuye idan ba ka ɗaga ƙugiyar jan tirela ta bayan motar ba. M416 ramin noti biyar gare ta a da'irar inci 5.5, Wrangler ɗinka kuwa inci 5 ne, ba su hau juna ba. Idan za ka sauya aksil, ka zaɓi wanda ya dace da rim ɗin motarka, safaya ɗaya ta ishe su duka.

Wuta ba ta da wahala a dukkansu: fitilunsu na lantarki mai ƙarfin volt 24 ne, filoginsu na soja mai ƙafa 12. Ka sauya ƙwayaye da filogi, ko ka zare tsohuwar waya ka ja sabuwa, yini ɗaya ya isa. Zoben da ke hancinsu da ƙugiyar da ke riƙe shi suna da ƙara, kowane tashi da tsayawa sai ka ji ƙwaram, amma suna barin tirela ta karkace fiye da dunƙulen ƙarfen motocin gida. Ka bar su. Abin da ya cancanci gyara a M416 shi ne gajartar hancinta, wadda ke sa ta naɗe da sauri a ribas har ta doki safayar bayan mota.

Sai jiki. M416 kwandon ƙarfe ne rufaffe marar ƙofar baya, an yi shi ne ya yi iyo da kayansa a tsallaken rafi. Ina roƙonka kada ka yi gaggawar yanka masa ƙofa, don bangon bayan na daga cikin abin da ke riƙe bodin, kuma waɗannan tireloli ƙarewa suke yi. Ruwan da ba ya shiga ta ƙasa kuwa, idan ya zubo ta sama ba ya fita sai an buɗe magudanar, shi ya sa tsatsa ke cin ƙasan. Ka tafi da tocila da ƙaramar guduma, ka kwanta ƙarƙashinta, ka ƙwanƙwasa inda bodi ya zauna a kan shasi da inda sifirin ya kama. Ƙarfe mai lafiya amsawa yake, ruɓaɓɓe kuwa zubo maka ɓawo zai yi a fuska. Ramin ƙasan bodi abin faci ne, ruɓaɓɓen shasi abin bari. M1101 alminiyam ce, ba ruwanta da wannan ciwo, tana da ƙofar baya, amma mai waldar ƙarfe ba zai taɓa ta ba, komai da noti za ka ɗaure. Kuma kowacce ka ɗauka, kada ka goge fentinta ko ka ƙona shi da walda ba takunkumi mai tace ƙura: tsofaffin fenti na iya ƙunsar dalma, fentin soja na baya-bayan nan mai suna CARC kuma hayaƙinsa da ƙurarsa guba ne ga huhu.

M1101 har yanzu tana fitowa a gwanjon kayan sojan Amurka irin na shafin intanet na GovPlanet, ka nemi takardar SF-97 wadda da ita ake yin rajista. M416 a hannun mutane take, sau da yawa ba takarda, don haka ka binciki dokar jiharka kafin ka biya. Idan shasin wadda ka gani ya tafi, kuma iyalinka na da yawa, ka duba wata tirelar sojan mai suna M101A2 kafin M1101: bodinta ƙafa takwas ne, tana da ƙofar baya da birki, kuma ba ta kai faɗin Humvee ba.